Ranar da Surukin Nagoggo Ya Wanke Ƙarfe

Sunansa na yanka Abbas, amma in ka shiga Daura kana cigiyar Abbas direba sai a tsaya ana kallon juna. Ka ce Nagoggo, ko mai rake zai nuna maka lungunsa da tsinin wuƙa. Goggonsa ce ta ɗauke shi tun yana rarrafe, ita ce kuma ta fara gane cewa hannun yaron ba ya zama wuri ɗaya. Rediyonta ya fara kwancewa, sai tocila, sai kwaɗon ɗaki. Ta zane shi a kan rediyon. Da ya mayar da shi yadda yake, har ya kama tashar da bai taɓa kamawa ba, sai ta ajiye bulala ta koma ɓoye kayanta a ƙarƙashin gado.

Ya yi facin keke a bakin kasuwa. Ya yi zaman injin niƙa har kunnensa na hagu ya yi nauyi. Ya yi karen mota a hanyar Kongolam, yana rataye a ƙofa yana kiran fasinja, a nan ya saci tuƙi da ido. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa sannan ya mallaki tasa, wata tsohuwar mota mai dogon baya wadda aka ce fara ce a ƙuruciyarta. Tun ranar da ta shigo hannunsa bai taɓa barin bakanike ya sa mata hannu ba. Ya ce kanikawa ba su san wata gaisuwa da ƙarfe ba sai guduma. Shi kuwa a wurinsa ƙarfe abin lallashi ne: ka saurare shi, ka shafa shi, ka jira har ya yarda. Matarsa Maimuna takan ce da za a ba ta rabin lallashin da ake yi wa motar, da ta fi duk matan unguwar ƙiba.

Abincinsa a hannun matan rugage yake. Kullum bayan sallar asuba yakan bi hanyar Zango, ya sauka daga kwalta, ya bi burtali har gindin wani tsohon marke. A nan suke jiransa da ƙorai da bokitai, nono da kindirmo da man shanu a rufe da fayafayai, raɓa ta jiƙa musu bakin zane. Ya kwaso su ya sauke a bakin kasuwar Daura kafin rana ta yi ƙarfi. Babbarsu ita ce Ikilima, doguwar mace mai kaifin hanci da kaifin baki. Ta fara shiga motarsa da 'yarta ta fari a goye. Yanzu 'yar ce ke shiga da nata goyon.

Bana da damina ta yi tsakiya, gero ya kai kafaɗa, shanu suka ƙoshi, nono ya yalwata har ƙorai suna ambaliya, sai motar ta fara ɗiga. Ba baƙin man inji ba ne. Man giya ne, mai kauri, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Akwai sandar ƙarfe da ke juya tayar gaba, ita ake kira shaf, kuma a daidai inda take shiga cikin giyabos akwai wata zagayayyar roba da kanikawa ke ce wa oyilsil, ba ta fi awarwaron jariri ba. Ita ke rungume wuyan shaf ta hana mai fita. Tsufa ya busar da ita, ta tsage. Man kuwa bai sami wurin sauka ba duk faɗin duniya sai kan salansa mai zafi. Ya ƙone, hayaƙin ya biyo ta ɓulallen ƙasan motar yana neman masauki, ya kuwa samu a cikin man shanu.

"Kai Kaɗo," in ji Ikilima wata safiya bayan sun sauka, "zo ka sansana."

Ta ɗaga faifai. Ya sunkuya ya ja numfashi.

"Ni ban ji komai ba, uwar ɗakina."

"Ina za ka ji, kai da hancinka ya rasu tun a gidan injin niƙa? Jiya wata hajiya ta dawo mini da curin mai, ta ce miyarta warin gareji take yi. Shekaranjiya mai fura ya tambaye ni ko saniyata fetur take sha."

Sauran matan suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Roba ce 'yar mitsitsiya," in ji shi. "Na aika Kano, yau za ta iso."

"Tun gero yana gwiwa kake cewa yau. To, buɗe kunnen nan mai ji. Suhaibu da abokansa direbobin Napep sun daɗe suna zagaya markenmu kamar shirwa. Gobe in hancina ya ji warin nan, kada ka ƙara wahalar da kanka zuwa."

Allah ya taimake shi, robar ta iso da hantsi a aljihun wani direban Kano. Guda ɗaya ce tak, domin irin ta motarsa ta yi wuyar samu. Ya karɓe ta da hannu biyu. Ya share gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya yayyafa ruwa don kada iska ta ɗaga ƙasa, ya shimfiɗa tabarma a gefe. Ya ɗaga motar da jak ya tokare ta da kututture, ya cire taya, ya tsiyaye man giyar a wani tsohon kwano. Notuna suka yi masa taurin kai, ya lallashe su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe shaf ya zaro, a hankali, kamar haƙorin da ya gaji da zama.

Abin da ya fi tsoro a duk aikin shi ne wuyan shaf ɗin, inda leɓen robar ke kwanciya. Shekarun juyawa sun goge wurin ya yi sulɓi, ya yi wani duhu mai sheƙi kamar ruwan rijiya in ka leƙa da rana. Ko farce bai kamata ya karce shi ba. Kowane ɗan zane hanya ce ga mai, kuma in ƙarfen ya yi kaushi zai cinye leɓen sabuwar roba kafin a fita gari. Ya goge shi da tsumma mai laushi, ya naɗe shi a tsohon ɗankwalin Maimuna, ya kwantar da shi a kan tabarma kamar jinjiri. Sannan ya shige ƙarƙashin motar da baya, ya ɓanɓare tsohuwar robar, ya shafa wa sabuwar giris, ya ɗora mata guntun bututu ya fara ƙwanƙwasa ta da katako, kaɗan nan, kaɗan can, don ta shiga daidai.

Yana cikin haka aka yi sallama.

Ya san muryar tun kafin ta kai ƙarshe. Malam Maliki ne, mahaifin Maimuna, ya taso daga ƙauyensu na bayan Mashi ba tare da aike ba. Tsohon manomi ne wanda bai taɓa ganin damina yana zaune ba, sai bana da 'ya'yansa suka karɓe masa fartanya saboda ciwon baya. Tun daga nan hannuwansa suka zama marayu, suna yawo gida-gida suna neman abin yi. Zuwansa na baya sai da ya sassabe zogalen Maimuna har ƙasa, ya ce ya yi mata gyara.

Nagoggo fa ya aurar, ya ga jika. Amma har yau bai taɓa kiran sunan mutumin nan ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, kuma kalmar a'a ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Amsa sallamar suruki a kwance, ƙafafu a miƙe suna kallonsa, abu ne da ko a mafarki ba zai yi ba. Ya yunƙuro da sauri, goshinsa ya gaisa da ƙarfe, ya fito yana ganin taurari, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi gero da dawa da wake, aka koma aka sake tambayar gida.

"Baba, a shiga daga ciki a sha ruwa."

"Ciki zafi. Nan ma inuwa ce. Koma kan aikinka, Malam, ni ba baƙo ba ne."

Tsohon ya zauna a kan tabarmar. Tabarma ɗaya ce a wurin.

Daga ƙarƙashin mota duniya ba ta wuce tsayin idon sawu ba. Nagoggo yana ƙwanƙwasa robar da hannu, idonsa kuwa yana kan tabarma. Ya ga ƙafafun tsohon sun harɗe. Ya ga hannuwa biyu sun ɗan huta a kan gwiwa, sun tsince wani kara, sun kaɗe wata tururuwa, sannan suka miƙa suka warware ɗankwalin.

"Wannan fa?"

"Shaf ne, Baba. Na riga na goge shi."

"Ka goge?" Tsohon ya yi 'yar dariya. "Dubi baƙi a wuyansa kamar gindin tukunya. Ƙarfe in bai yi fari ba ai bai wanku ba. Maimuna! Ke Maimuna! Gaisuwa ta jira, kawo mini toka da ruwa."

Maganar da Nagoggo ke bukata ba ta da tsawo. Baba, bari, za ka ɓata. Ta taso daga cikinsa, ta hau har maƙogwaro, ta leƙo ta ga wanda za a faɗa wa, ta koma. Sai ya shiga zagaye.

"Baba, man nan in ya taɓa riga ba ya fita."

"Rigar ta ga abin da ya fi shi."

"Baba, bayanka fa."

"Da baya ake wanki?"

"Wato, Baba, shi irin wannan ƙarfen, waɗanda suka ƙera shi, kamar sun fi son a bar shi da ɗan baƙinsa."

"Ƙazanta ce ta dame su."

Ruwan jiya ya tara yashi a gindin katanga, irin mai tsakuwa-tsakuwa wanda magina ke so. Malam Maliki ya damƙo shi cike da hannu, ya gauraya da toka, ya jiƙa, ya kama wuyan shaf ɗin kamar wuyan zakara ya fara murzawa. Ƙarar ba ta da ƙarfi. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Amma Nagoggo a haƙoransa yake jin ta. Ga robar ta shiga rabi, in ya sake ta a karkace za ta lanƙwashe, ba shi da wata. Ya cije leɓe ya ƙarasa ta, gumi yana shiga masa ido, sannan ya sulale ta ɗaya gefen motar ya faɗa zaure. A nan ya tarar da Maimuna tana leƙen mahaifinta tana murmushi.

"Ki janye Baba daga wurin nan," ya ce da raɗa. "Ki ce fura ta yi. Ki ce akuya ta shiga ɗaki. Ki ce komai."

"Me ya yi maka?"

"Kashe ni yake yi da yashi."

"To kai ka gaya masa mana."

"Ni? Ni zan gaya masa?"

"Au, ni ce zan fita in ce wa ubana bai iya wanki ba, shi da ya sha jijjigar babur tun daga Mashi? Malam, ka dube shi. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun da su Yaya suka karɓe masa fartanya. Ba ka ji har waƙar noma yake yi ba?"

Ya kasa kunnensa mai ji. Waƙar noma kuwa yake yi, ƙasa-ƙasa, yashin yana ba shi kiɗa.

Duk da haka ta gwada. Ta fita ta durƙusa ta ce an dama fura, tana jiransa a ciki. Ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa barin kunya rabi ya tafi cin abinci ba. Yana faɗin haka sai ya ɗaga ƙarfen sama ya hangi wani siririn layi da tsohuwar robar ta bari a zagayen wuyan. Ya ce wannan yashi ba zai iya da shi ba, a miƙo masa dutsen da ake wasa wuƙa. Maimuna ta waiwayi mijinta. Mijinta ya dubi saman darbejiya. Aka kawo dutsen.

Kamar an yi shela, masu wucewa suka fara tsayawa. Mai shagon kusa ya ce kai, aikin manya daban ne. Wani mai komawa daga kasuwa ya jingine kekensa ya ce Nagoggo ya yi sa'ar suruki, nasa ko tsinke ba ya ɗaga masa. Nagoggo yana durƙushe yana amsawa, "Wallahi kuwa. Wallahi kuwa." Shekara da shekaru yana kare motar nan daga gudumar kanikawa, yana zaginsu a tasha, yana zaginsu a majalisa, ga shi yau a ƙofar gidansa, a kan tabarmarsa, da tokar murhun matarsa, ana yi mata abin da ko mafi muguntar cikinsu ba zai yi ba, shi kuma yana godiya.

Malam Maliki ya ɗauraye ƙarfen ya miƙo masa. Ya yi fari fat kamar sabon kwano. Nagoggo ya bi wuyan da babban yatsa, ya ji kamar harshen saniya.

"Yaya ka gani?"

"Ya yi fari, Baba. Allah ya saka da alheri."

Da tsohon ya shiga alwalar azahar, Nagoggo ya zabura. Ya wanke wuyan da fetur, ya yanko guntun fata daga wata tsohuwar jaka, ya lakato giris, ya yi ta murzawa har yatsunsa suka yi zafi. Kaushin ya ɗan kwanta, zanen kuwa yana nan daram. Wani shaf irin wannan ba a Daura ba, ba kuma yau ba. Kafin ya gama tunani tsohon ya dawo ya gyara zama, ya ce a mayar yana gani. Aka mayar. Aka ɗaure notuna, aka ɗura sabon mai, aka sauke jak. Har rana ta faɗi ƙasan motar a bushe yake, Maimuna ta ce ka gani, ashe duk tsoro ne. Nagoggo ya ci gaba da tattara kayan aikinsa. Ya san mai in yana da sanyi haƙuri gare shi.

Da ya fito bayan sallar asuba ya tarar da Malam Maliki a kujerar gaba, ya sa farar riga, ya ɗora sanda a tsakanin gwiwoyi. Ya ce yana son ya ga shanu, yana kuma son ya ji yadda aikinsu zai yi tafiya.

Gari ya waye musu a kan burtali. Hazon ruwa yana kwance a kan gonaki, zabi suna tsallake hanya a guje, ganyen gero yana shafar gilashi ta kowane gefe. A gindin marke Ikilima ta zagaya motar tana jan hanci, ta sunkuya ta gaba, ta sunkuya ta baya. Ta miƙe ta ce a loda. Suka gaida baƙon dattijo, suka shiga, ƙorai a cinya.

Sai da suka hau kwalta ƙarfe ya ɗauki zafi. Nagoggo bai ji warin ba, a madubi ya gan shi. Ya ga hancin Ikilima ya motsa. Ya sauke gilashinsa har ƙasa. Malam Maliki kuwa ya juyo da rabin jikinsa yana ba matan labari.

"Da ban zo ba, haka zai mayar da shi da dattinsa. Yaron kirki ne, amma wanki sai a hankali. Na sa masa yashi, na sa masa toka, na bi shi da dutse. Ku ji yadda take tafiya yanzu kamar a kan ruwa."

"Baba," in ji Ikilima a hankali, "kai mene ne nasa?"

"Ni na ba shi mata."

Ikilima ba ta san shaf ba, ba ta san roba ba. Amma ta dubi ƙeyar Nagoggo, ta ga jijiyar wuyansa a miƙe, gumi yana bin ta da sanyin safiyar nan, ta kuwa san wuyan mutumin da ya haɗiye magana, don ita ma ta yi zaman gidan surukai. Hayaƙi ya fara tasowa ta ƙarƙashin kujeru, shuɗi-shuɗi, ya fi na jiya. 'Yarta ta buɗe baki ta ce, "Inna, wannan wa—" Ikilima ta mintsine ta a cinya.

"Sannu da ƙoƙari, Baba," ta ce. "Allah ya ƙara lafiya."

"Amin, 'yata."

Haka suka shigo Daura, mota cike da mata suna tari a cikin mayafi, idanu suna hawaye, kowacce ta rungume ƙwaryarta ta danne faifai da hannu biyu, babu wadda ta ce ta ji wani abu. Tsohon ya ce mura ta yi yawa bana.

A bakin kasuwa, ana cikin sauke kaya, Ikilima ta ja Nagoggo bayan mota inda dattijon ba zai ji ba.

"Da yashi ya yi ta, kana kallo?"

"Ina kwance a ƙasa ina kallo."

"Ba ka ce komai ba."

"Ke da kin ce?"

Ta gyara ɗaurin zane.

"Da ban ce ba."

Ta ɗaga faifan man shanunta ta sansana, ta rufe ido, ta mayar da faifan.

"Amma hajiyar nan ba ta san surukinka ba, miyarta kawai ta sani. Gobe su Suhaibu za su zo. Ranar da motarka ta warke, ka zo gindin marke ka tsaya. Ban ce zan shiga ba, Kaɗo, na ce zan sansana. Kuma kada ka sake kwance ko noti ɗaya sai Baba ya koma Mashi."

Ta ɗora ƙwarya a ka ta shige kasuwa, sauran suka bi bayanta.

Ya tuƙo gida ba mai magana sai tsohon, wanda ke yaba girman shanun da ya gani. Da ya tsaya a gindin darbejiya ya kashe inji, sai ƙarar ta fito fili. Ɗis. Ɗis. Ɗis. Malam Maliki ya sauko da taimakon sanda, ya tsuguna da ƙyar, ya leƙa. Ya dangwali man da yatsa ya duba shi a rana, ya girgiza kai cike da takaici.

"Ka gani ko? Duk wahalar da muka sha jiya. Robar nan da aka kawo maka ba ta da kirki. Kayan yanzu duk haka suke."

"Haka ne, Baba."

"Kada ka sa damuwa a ranka. Ka aika a kawo wata. Na riga na gaya wa Maimuna, ba inda za ni sai na ga ƙarshen abin nan."

Nagoggo ya cire hularsa, ya daɗe yana duban cikinta, ya mayar da ita kansa.

"To, Baba," ya ce.